Korau Maharbi da Ruwan Yamma

A zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa, lokacin da matafiyi kan yi wa danginsa sallamar da ba a sa ran dawowa, wani ayari ya taso daga ƙasar Gobir ya nufi gabas. Shugaban ayarin shi ne Madugu Mijinyawa, dattijo mai faɗa a ji, wanda ba ya son a maimaita masa magana. Amma a cikin daji ayarin da Korau maharbi ya dogara. Shi ke gaba, shi ke gano ruwa, shi ke ciyar da jama'a da nama idan guzuri ya ƙare. Dogo ne, baƙi, marar yawan magana. A damtsensa na hagu akwai layar zana da ya gada daga kakansa, wadda aka ce tana ɗauke mai ita daga bakin halaka ta ajiye shi inda babu abin tsoro. Sharaɗinta ɗaya ne: wanda take jikinsa kaɗai take ɗauka. Maroƙa kan yi masa kirari su ce, "Korau na Tabawa, kibiya mai ido! Ka sha inda giwa ta sha, ka kwana inda zaki ya tashi!" Tabawa ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage masa a duniya. Tana auren ɗan Madugu, kuma saboda ita Korau ya biyo ayarin.

Bayan shekaru a kan hanya, suna tafiya suna yada zango suna noma suna ƙara gaba, suka iso gaɓar Bahar Maliya. Suka tarar jiragen ruwa sun tafi, iskar da ke kawo su kuma ba za ta juyo ba sai baɗi. Ga ruwa shimfiɗe a gabansu har iyakar gani, amma ko jaki ba ya iya kurɓarsa don gishiri. Yara suka fara kuka, manya suka zuba wa Korau ido.

Korau ya bi gaɓa har ya iske wani busasshen kwari mai faɗi, wanda ya gangaro daga baƙaƙen duwatsun yamma ya buɗe baki cikin teku. Ya durƙusa ya tona rairayin da hannu, yadda ake yi a gida da rani, bai kai gwiwar hannu ba ruwa mai daɗi ya tsattsafo. Ƙasar wurin laka ce mai laushi, ta yi gini ta yi shuka. Nan jama'a suka sauke kaya, nan suka kafa ɗakuna a tsakiyar kwarin, suka sa wa wurin suna Zangon Rairayi. Korau ya yi alfahari da wannan wuri ƙwarai, domin shi ya samo shi.

Ba wauta suka yi ba, abin da suka sani suka bi. A ƙasarsu kogi ba ya yaudara: yana da lokacinsa, sai damina ta kankama yake kawo ruwa, kuma kafin nan hadari ya haɗo daga gabas kowa ya gan shi. To a nan gabas fili ne fetal, teku ce, ba abin da zai taso ba a hango shi ba. Can alƙibla take, can jirage ke fitowa, can kuma a ganinsu hadari zai ɓullo. Saboda haka kowace ƙofa ta dubi gabas, garin gaba ɗaya ya juya wa duwatsu ƙeya. Bahaushe dai ko ina ka kai shi, in ka ce masa ruwa zai zo, gabas zai waiwaya.

Jirage suka zo, wasu mutanen suka haye, da yawa suka zauna. Zango ya zama gari.

Wata rana Korau ya bi sawun barewa cikin duwatsu, ya shiga inda kwarin ya tsuke ya zama maƙogwaro. Ya ɗaga kai, sai ya ga abin da ya tsayar da shi cik. Can bisa wata bishiyar ƙaya, a tsayin da mutum biyu ba za su kai ba ko ɗaya ya hau kafaɗar ɗaya, ƙasusuwan raƙumi ne maƙale tsakanin rassa, sun yi fari fat. Damisa ba ta hawa da raƙumi. Ya duba bangon dutsen, ya ga layin busasshiyar laka daidai wannan tsayi, ya bi shi da ido har ya ɓace.

A gangaren dutsen akwai wata tsohuwa daga cikin makiyayan raƙuma na ƙasar, wadda ta kafa bukkarta can sama nesa da ruwa, tana sauka ɗiba tana hawa da tulu duk da tsufanta. Korau ya kai mata cinyar barewa, ya gaishe ta da ɗan harshensu da ya tsinta, ya nuna mata ƙasusuwan.

"Iya, me ya kai raƙumi can?"

"Abin da zai kai ɗakunanku teku," in ji ta.

"Sau nawa yake zuwa? Kowace shekara?"

Tsohuwa ta girgiza kai. "Kakata ta gan shi sau biyu. Uwata ta yi furfura ta mutu ba ta taɓa ganinsa ba. Ni ya zo mini sau biyu a shekara guda, ya tafi da mijina. Ba shi da rana, ɗana. Kuma ranar da zai zo, sama a kanku tas take."

Korau ya koma gari ya sami Madugu a zaure cikin dattawa, ya faɗi duk abin da ya gani da abin da ya ji.

"Ranka ya daɗe, mu tashi mu koma kan tudu. Ni na kawo mu nan, kuma na yi kuskure."

Madugu ya dube shi ya ce, "Tun da muka sauka ka taɓa ganin ruwan da ya jiƙa idon sawu a kwarin nan? Ruwa ba hadari, Korau? Ka taɓa jin haka tun daga Gobir har nan? Mu bar rijiyoyi da gonaki mu hau dutse saboda ƙashin raƙumi da zancen tsohuwa?"

Dattawa suka yi dariya. Korau ya je wurin Tabawa, wadda a lokacin cikinta ya tsufa, ya roƙe ta ta bi shi. Ta ce, "Yaya, na yarda da kai, amma ina zan bar ɗakina in hau tudu, mijina yana ƙasa? Me za a ce?" Shi kaɗai ya hau ya kafa bukka a kan tudun da ke arewa da kwarin. Mutanen da ya shayar suka riƙa nuna shi da baki, suna cewa maharbin da bai ji tsoron zaki ba ga shi yana gudun rairayi. Abin ya yi masa ciwo, amma bai sauko ba.

Tabawa ta haifi ɗa namiji. Ranar suna, tun da sassafe Korau ya shiga duwatsu don ya samo naman da zai kai gudummawa. Lokacin sanyi ne, lokacin da a gida ko ɗigo ba a tsammani. Ya yi nisa sosai kafin ya lura dajin ya yi shiru. Remaye sun bar ramukansu suna hawa sama, tururuwa ta yi layi a jikin dutse ɗauke da ƙwayayenta. Iska ta buso daga yamma da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya haye wani tsauni ya duba, sai ga kawunan duwatsu masu nisa sun ɓace cikin baƙin girgije, walƙiya tana tsaga shi ba a jin tsawa. Ya kifa kunne a ƙasa. Ƙasa tana gurnani.

Ya yar da kwari da baka ya zura da gudu. An ce ranar ƙafarsa ba ta bar sawu ba.

Ya iso gari ya tarar kowa yana ƙofar gidan Madugu, an shimfiɗa tabarmi, rago na ɗaure, liman na shirin raɗa suna. Rana ta fito tas, teku kwance lumui.

"Ruwa! Ku hau tudu! Ruwa na zuwa!"

Jama'a duka suka juya suka dubi gabas. Ba ko ɗan girgije. Suka juyo suka dube shi da tausayi. Madugu ya ce, "Kai, yau ranar farin ciki ce. Zauna ka sha fura, rana ta buge ka."

Korau ya ga ba zai iya jan gari guda da baki ba, kuma gurnanin nan yana jin sa a tafin ƙafarsa. Ungozoma ta fito da jariri a hannu za ta miƙa wa wanzami. Korau ya yi tsalle ɗaya ya fizge yaron, ya rungume shi, ya nufi tudu.

Gari ya ɗauki ihu. "Ya haukace! Zai jefar da yaron! Ku kama shi!" Maza suka bi shi da sanduna, mata suka bi da kururuwa da goyo a baya, tsofaffi suka bi suna tsine masa, har Madugu ya tattara riga ya bi. Korau da ke iya tsere wa barewa ya riƙa rage gudu don kada su fid da rai su koma. Dutsen da wani ya jefa ya fasa masa ƙeya, sanda ta same shi a kafaɗa, bai saki yaron ba, bai tsaya ba sai a ƙofar bukkarsa. Suka kewaye shi suna haki. Ya miƙa wa Madugu jikansa, ya nuna yamma da hannu.

A karon farko garin ya dubi duwatsu. Daga maƙogwaron kwarin wani jan bango ya fito, ya fi soro tsayi, yana tura itatuwa da duwatsu a gabansa, ƙararsa ta cika duniya. Sanduna suka zube daga hannaye.

Korau ya bi fuskoki da ido, ya ce, "Ina Tabawa?"

Mai jego ba ta fita, kuma jikinta bai yi ƙwarin gudu ba. Tana ɗaki.

Ya gangara. Daga kan tudu suka gan shi ya shiga gidan, suka gan shi ya fito da ita a kafaɗa, suka kuma ga ruwan ya riga ya cinye gonakin bayan gari. Ko shi kaɗai ne da ƙyar zai kai tudu, balle da kaya. Ya sauke ta, ya tsinke layar daga damtsensa da haƙori, ya ɗaura mata.

"Yaya, kai fa?"

"Yaron yana sama, yana jin yunwa," in ji shi.

Ruwan ya rufe su. Jama'a suka sa salati. Ba su rufe baki ba suka ji kuka a bayansu, suka waiwaya, sai ga Tabawa zaune a ƙofar bukkar Korau, zanenta a bushe, laya a hannunta. Kafin azahar ruwan ya wuce, rana na nan tas yadda take. Inda Zangon Rairayi yake babu ko tubali ɗaya, teku ta yi ja har nesa. An bi gaɓa kudu da arewa ana neman Korau, ba a same shi ba.

A kan tudun aka raɗa wa yaron suna, ba rago ba tabarma. Madugu Mijinyawa da kansa, hawaye na bin gemunsa, ya ce a sa masa Korau. Nan suka sake gini, kowane gida aka huda masa taga ta yamma, garin ya zama Tudun Korau.

Masu ba da tarihin garin sun ce duk ranar da ruwan ya sake zuwa, akan ajiye dutse ɗaya inda bukkar take. Zuriya bayan zuriya, duwatsun ba su cika ƙwarya ba, kuma tsakanin wani da wani akan yi tsawon ran mutum, har matasa su fara cewa a koma kusa da rijiyoyi. Don haka ne ba a raɗa suna a cikin gida a garin. Ranar suna, kawun jariri ne ke fizge shi daga hannun ungozoma ya ruga, jama'a su bi shi da karan dawa suna ihu, yaro da babba, har ƙololuwar tudu. Ita kuwa mai jego, a kafaɗa ake hawa da ita, kuma ba a fara addu'a sai an ga ta iso.