Da Me Ka Zo Kotu?

Delbert Hostetler maƙwabcina ne a wani ƙaramin gari na jihar Iowa, kuma ban taɓa ganin mai ƙin neman alfarma irinsa ba. Ko tsani ba ya ara. Matarsa Lorna tana fama da ciwon ƙoda, shi ke kai ta wankin ƙoda a babban gari, don mu a nan ba bas ba tasi. In aka raba shi da tuƙi, an taɓa ran Lorna ke nan.

Wata rana ɗan sanda ya tsayar da shi saboda gudu, ya ba shi takardar tara da ranar zuwa kotu. Delbert ya jefa ta bayan kujera.

"Wannan da aka haifa jiya ne zai koya min tuƙi?" in ji shi.

Ranar ta zo ta wuce, bai biya ba, bai je ba. Aka dakatar da lasisinsa, kotu ta sake kiransa. A nan ne ido ya raina fata. Abinci ya gagare shi, ko jiniya ya ji daga nesa sai gabansa ya faɗi.

Da safiyar zuwa kotu na same shi yana ɗumama mota.

"Delbert, ku shigo tawa in kai ku. Ba ka da lasisi fa."

"Haba maƙwabci, ina da ƙafa huɗu a ƙofar gida a ɗauke ni kamar buhun masara? Wa zai sani?"

Hankalina bai kwanta ba, na bi su a baya. Ya sauke Lorna a asibiti, ya ɓoye motar can ƙarshen filin kotu.

A ciki mutane sun cika benci, ba mai tari. Wanda aka kira kafin shi da ankwa aka fitar da shi. Da aka ambaci sunan Delbert, ya miƙe da hularsa a hannu. Ya ba da labarin Lorna. Alƙaliyar ta tausaya, ta ce ya biya tarar, za ta taimaka a ba shi izinin tuƙa mara lafiya zuwa asibiti, amma kafin izinin ya fito kada ya kuskura ya taɓa sitiyari. Sannan ta ɗago kai.

"Da me ka zo kotu yau?"

Ya waiwayo, idonsa ya faɗa kaina.

"Maƙwabcina ne ya kawo ni, ranki ya daɗe."

Alƙaliyar ta dube ni, ta dube shi, ta sallame shi.

A bakin ƙofa na riƙe masa hannun riga.

"Don Allah bar motar nan, gobe a zo a ɗauka."

"Kai dai akwai ka da tsoro. Ai an gama!"

Bai san cewa a irin wannan rana ɗan sandan kotu kan leƙa filin motoci ba, don Delbert ba shi ne na farko ba. Ko titi bai hau ba aka tare shi. Aka dawo da shi gaban alƙaliyar da ya yi wa ƙarya, fuskarta babu sauran tausayi. Ta janye taimakon, aka ƙwace lasisin na dogon lokaci, aka wuce da shi ɗakin tsaro.

Ni na je ɗauko Lorna. Na tarar da ita a keken marasa lafiya, jiki duk ya saki. Ta leƙa bayana.

"Ina Delbert?"

Na gaya mata abin da ya faru. Bayan an sako Delbert, ba a daɗe ba ta koma gidan ƙanwarta kusa da asibiti, ta bar shi shi kaɗai da motar da ba shi da ikon tayarwa.

Mai karatu, in kotu ta kira ka, ka amsa tun abin yana ƙarami, ka faɗi gaskiya ko da gwiwarka na rawa. Kuma neman taimako ba ya rage darajar kowa. Girman kai da ƙarya ba mai yin su kaɗai suke kayarwa ba, sukan haɗa da wanda ya jingina da shi.