Mawaƙin da Ya Binne Iyayensa da Ransu

An yi wani mutum a nan garin namu na Guayama. Wasunku sun yi makaranta da shi, wasunku sun taka rawa da waƙarsa. Kada kowa ya sunkuyar da kai, ni ma in mota ta wuce da kiɗan regeton sai in ji ƙafata tana motsi ba da izinina ba. Ba zan kama sunansa ba.

Allah ya ba shi murya. Tun yana ƙarami yake tsayawa a nan gaba cikin mawaƙan coci, in ya ja baiti tsofaffi su shiga neman hankici. Uwarsa, Doña Provi, ita ce mai dafa wa yaran firamare abinci. Ubansa, Don Anselmo, ya daɗe yana raba wasiƙu har karnukan garin suka gaji da yi masa haushi. Shi kaɗai suka haifa. Bai taɓa kwana da yunwa ba. In ma akwai wahalar da ya sha a gidan, to ta ƙoshi ce.

Da ya zama saurayi sai ya koma regeton. Waƙoƙinsa na farko ba su da wani aibu: bakin teku, 'yan mata, tsohuwar motar ubansa da ba ta tashi sai an tura. Ana sa su a shagon aski da wurin biki, kowa yana dariya yana rawa.

Sai ya tafi San Juan neman suna. A can ya haɗu da wani manajan mawaƙa mai suna Wilberto, mutum mai zobe a kowane yatsa. Wilberto ya saurari waƙoƙin, ya kaɗa kai ya ce, "Murya kam akwai. Amma yanzu kiɗan tirap ake saye, kuma tirap labarin wuya ne. Kai wace wuya ka sha?"

Ya yi tunani, ya ce, "Na taɓa faɗowa daga bishiyar mangwaro."

Wilberto ya ce, "Yaro, da uwa da uba da kumatu irin waɗannan, wa zai yarda da kai? Ɗaga rigarka. Wannan tabon fa?"

"Aikin afendis ne."

"Daga yau wuƙa ce."

Na san za ku ce laifin manaja ne. To manaja ne ya buɗe masa baki? Wilberto ya kawo shawarar tabo kawai. Sauran duk mutumin namu ne ya ƙaro da kansa, don ya ga abin yana tafiya. Ya sa wa kansa suna Maraya. A waƙa ta farko 'yan sanda suka harbe ubansa a ƙofar gida. A ta biyu uwarsa ta mutu a asibiti yana kurkuku, bai samu ganin gawarta ba.

Ya 'yan uwa, waƙar nan ta biyu ta ci kasuwa. Ba motar da ba ta sa ta ba daga nan har Mayagüez. Aka kira shi New York, aka kira shi Medellín, aka kira shi Madrid. In ya zo baitin asibiti sai ya durƙusa a kan dandamali, dubban matasa su ɗaga wayoyi suna kuka tare da shi. Ya sa aka zana masa fuskar uwarsa a dantse, da fukafukai irin na mala'iku. Sarƙar wuyansa kuwa, da za a ɗaure jirgin ruwa da ita da ya tsaya.

A nan gari mutane sun san gaskiya, amma suka ɗauke ta abin raha. In Don Anselmo ya zo dandali buga domino, abokansa su ce, "Marigayi, yaya lahira?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, sai dai ba a ba da kofi." Ya kan ce ai yaron ya kyauta, ya ba shi mutuwar jarumai, shi da ko kaza bai iya yankawa ba.

Doña Provi ba ta yi dariya ba, amma ba ta yi magana ba. Ɗanta ya kira ta ya ce, "Mami, sana'a ce kawai, kamar fim. Ki yi haƙuri ki yi shiru." Ta yi shiru. Da wani ya sa hotonsu tare a intanet, sai Maraya ya ce maƙwabciya ce da ta ji tausayinsa ta riƙe shi. Wannan ma ta haɗiye.

Wata rana ta dafa shinkafa da wake da soyayyar kaza irin yadda yake so, ta naɗe tukunyar da tawul, ta sa Don Anselmo ya kai ta sabon gidan ɗan nata a Dorado. Suka tarar da 'yan jarida a falo ana hira da shi. Kun san al'adarmu. Ko gemunka ya yi fari, in ka ga uwarka sai ka ce, "A sa mini albarka, Mami," ita kuma ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta tsaya a bakin ƙofa da tukunya a hannu tana jira. Ya dube ta, ya dubi kyamara, ya ce, "Mai girki ce. Tsoho, kai ta kicin."

Ta ajiye tukunyar a kicin, suka kamo hanyar gida. Don Anselmo ya ce mini sai da suka wuce garin Cayey ta juyo ta dube shi. Daga nan ta ce, "Ya rame. Ba sa ba shi abinci."

Wace irin halitta ce uwa? An kira ta 'yar aiki a gaban duniya, ita kuma ramarsa take gani.

Ƙarya dabba ce mai ci. Ka ba ta yau, gobe ta dawo da yunwar da ta fi ta jiya. Masoyansa suka fara tambaya: ina kabarin? Me ya sa bai taɓa nuna shi ba? Sai dabara ta zo masa. Kakarsa ta wajen uwa tana kwance a maƙabartar garin nan, kuma sunanta Providencia, sunan da uwarsa ta gada. In an jera furanni a kan shekarun da ke jikin dutsen, sunan kaɗai za a gani. Ya shirya zai zo ran Lahadin bikin iyaye mata, ya durƙusa a kabarin, a nuna wa duniya kai tsaye, daga nan ya saki sabuwar waƙa.

Wilberto ya ce, "In tsohuwar ta zo fa?"

Ya ce, "Tana coci. Na san faston nan, ba ya sakin mutane sai rana ta raba."

Wannan shaida ce a kaina, don ni ne faston, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai ran nan ina buɗe baki wuta ta ɗauke. Fankoki suka tsaya, zafi ya taso, mata suna fifita da takardun waƙa suna harara ta. Na yi wa'azin da ban taɓa yin gajere irinsa ba, na sallami kowa. Har yau akwai masu cewa shi ne mafi albarka a cikin wa'azozina.

To ina mace za ta nufa a ranar iyaye mata, in an tashi coci da wuri, uwarta kuma tana maƙabarta?

Doña Provi ta shigo da furanni a hannu, mijinta yana biye da jarkar ruwa da tsintsiya. Suka ga taro da kyamarori a kan kabarin gidansu. Ta kutsa. Ga ɗanta a durƙushe cikin baƙaƙen kaya da baƙin tabarau, ya dafa dutsen yana cewa, "Mami, da kina nan da kin ga abin da ɗanki ya zama."

Ta ce, "Ina gani."

Na ce ba zan kama sunansa ba, amma ita ta kama, kuma duk duniya ta ji. Ta miƙa wa mijinta furannin, ta sunkuya ta cire silifa ɗaya, ta ce, "Neftalí Eliezer, tashi daga kan uwata."

Ya 'yan uwa, a nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa. Da ya tashi ya rungume ta ya ce ya yi ƙarya, da ya sha silifa biyu a ƙeya, mutane su yi dariya, wataƙila ma su ƙara son sa. Mutanenmu suna yafe wa wanda ya ji kunya. Amma ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce, "Baiwar Allah, ban san ki ba."

Ta dube shi. Ba ta doke shi ba. Ta mayar da silifarta ƙafa, ta karɓi furanninta, ta durƙusa ta kawar da nasa gefe guda. Shekarun da ke jikin dutsen suka fito fili, kowa ya ga matar da ke kwance a nan ta isa ta haifi uwarsa.

Don Anselmo ya ajiye jarka, ya matso gaban kyamara, ya cire hula cikin ladabi ya ce, "Barkanku da rana. Ni ne wanda 'yan sanda suka harbe. Tabon cikinsa kuma afendis ne, ni na kai shi asibiti, yana ta kuka sai da na saya masa askirim."

Wani ya fashe da dariya a bayan taro. Daga nan ba a iya tsayar da ita ba. Mai riƙe da kyamara ma kafaɗarsa rawa take yi.

Kafin la'asar babu wayar da hoton bai shiga ba. Da zaginsa aka yi, da ya mayar da zagin waƙa ya sayar, don sana'arsu ta saba da haka. Amma dariya ake yi masa, ita kuwa ba ta da magani. Abokan hamayyarsa suka ɗauki muryar Doña Provi tana cewa "tashi daga kan uwata" suka ɗora a kan kiɗa, aka yi ta rawa da ita duk bazarar nan. Wasan da ya yi bayan haka, yana hawa dandamali aka fara ruwan silifa. Ta roba, ta fata, ta yara, har da ta asibiti. Bai kai ƙarshen baitin farko ba ya sauka.

Ba kowa ne ya yi dariya ba. Wata budurwa ta tare shi a filin jirgi. Uwarta ta mutu da gaske, a asibiti na gaske, kuma waƙarsa ce ta riƙe ta a watannin nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na ɗauka ka san abin da nake ji." Ta wuce abinta. An ce wannan ta fi silifa shigarsa.

Masu shirya wasa suka daina kira. Kamfanin takalman da yake yi wa talla ya sauke hotonsa. Wilberto ya fito a talabijin da hannu a ƙirji yana cewa shi ma yaudararsa aka yi. Abokan da suke cika masa gida suka watse kamar an jefa dutse cikin tattabaru. Gidan Dorado ya tafi, motoci suka bi, sarƙa ta bi. Ya gwada komawa waƙoƙin raha irin na da, amma wa zai saurara? Da ya buɗe baki sai a ce, "A gaida Mami."

Yanzu yana Orlando, yana aiki a shagon tayoyi. Don Anselmo ya je ya same shi bara. Ya tarar da shi cikin riga mai dogon hannu a wannan zafin, yana ɓoye zanen dantsensa. Ya ce masa, "Ka zo gida. Uwarka ba ta riƙe ka ba."

Ya ce, "Papi, da wane ido zan kalle ta?"

Tsohon ya ce, "Da wanda ka yi kukan ƙarya da shi. Ai yana aiki."

Ya yi murmushi, amma bai zo ba. Har yau bai zo ba. Girman kan da ya hana shi cewa "uwata ce" a gaban kyamara, shi ne yake hana shi cewa "na yi laifi" a gaban mutum biyu da suka riga suka yafe masa. Wannan ita ce asarar. Gida da mota ai ana sake samu.

Ya 'yan uwa, ba kiɗa ne ya kashe shi ba, kada ku je gida ku fasa wa yaranku lasifika ku ce fasto ne ya ce. Allah ya ba shi murya, ya ba shi iyaye, ya ba shi gida mai dariya. Ya dubi wannan duka ya ga bai isa a sayar ba, sai ya je ya ari baƙin cikin wasu ya yafa. Mutum nawa ne a cikinmu suke jin kunyar alherin da aka yi musu? Wa ya taɓa sauya hanya don kada abokan aiki su ga irin gidan da ya fito? Wa ya ga kiran tsohuwarsa a waya yana cikin manyan mutane, ya kife wayar?

Kafin in hau nan na nemi izinin Doña Provi, don ba na ba da labarin mutum yana zaune a layi na biyu ban tambaye shi ba. Ta ce in faɗa duka, kada in rage. Sharaɗinta ɗaya ne: in roƙe ku, duk mai ɗan'uwa a Orlando, in tayarsa ta yi faci ya kai ta shagon, kuma kada ya tsokane shi.

Allah ya kiyaye mu da ƙaryar da za ta fi ƙarfinmu. Allah ya kiyaye mu da jin kunyar waɗanda suka haife mu. Wanda ya yi nisa kuma, Allah ya sassauta masa wuya ya juyo da shi gida tun masu jiransa suna da rai. Amin.