Ranar da Rumasa'u Ba Ta Yi Sallama Ba

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Yau labarina ma na waya da kwamfuta ne, don kada ku ce tsohuwa ba ta san zamani ba. Amma in na gama kowa sai ya faɗi nasa, ba mai silalewa.

A Azare an yi wata ɗaliba mai suna Rumasa'u, tana koyon zanen gine-gine. Da aurenta, ga cikin fari ya tsufa, shi ya sa take yawancin karatunta daga gida. Makarantarsu ta haɗa su da ɗaliban ƙasashen waje a wani gari da babu shi a doron ƙasa, cikin kwamfuta kawai yake. Kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa da ke yawo a madadinsa. Ka yi magana a ɗakinka, na can bangon duniya ya ji ka kamar kuna tabarma ɗaya. Aikin da malami ya ba su shi ne kowa ya gina layin gidansu a ciki, sauran su zo su gani su ƙaru.

Rumasa'u kuwa ba ta aiki rabi da rabi. Sai da ta ɗauki hoton kowane bango na layinsu ta manna a gininta, har da allunan masu sana'a, har da "BA A SHIGA" da aka rubuta a ƙofar gidansu. A nan ta yi ƙawaye uku: Ratna 'yar Indunusiya, Sarul 'yar Mongoliya, da Luziya 'yar Birazil. Da Turanci suke hira, amma ta cika musu kunne da Hausa. Abin da suka fi tsokanarta da shi kuwa sallamarta. In an tashi, kowa ya danna ya ɓace, ita sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya: sai gobe, a gai da Mama, a gai da mai jiki, a gai da kyanwar nan taki. Su yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Ran nan da damina, bayan azahar, aka ɗauke wuta, ga hadari ya haɗo. Mijinta Sagiru zai koma wurin aiki, ya tayar mata da ƙaramin janareta don kada darasi ya wuce ta. Da ya ga ruwa zai sauko, tausayin inji ya kama shi, ya jawo shi cikin lungun da ke tsakanin ɗaki da kicin, ya ja ƙofar waje ya tafi. Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Ita kuma ta rufe taga saboda feshi, ta zauna gaban kwamfuta. Can cikin darasi ta ce wa ƙawayenta kanta na sarawa, barci na fizgarta. Daga nan ba ta ƙara sanin inda take ba, sauran labarin a gadon asibiti aka ba ta shi.

Da aka tashi, malami ya fita, ɗalibai suka watse. Ratna har ta kai hannu za ta kashe tata kwamfutar, sai ta hangi mutum-mutumin Rumasa'u tsaye ƙiƙam a ƙofar gida. Wani zai ce sadarwa ce ta yanke, ai kullum ana yi. Amma Ratna ta ce a ranta, ko ranar da sadarwa ta yanke, sai da baiwar Allahn nan ta dawo musamman don ta ce sai gobe. Ta matsa ta kira sunanta, shiru. Abincinta na jiranta, mahaifiyarta na ƙwala mata kira, ta ƙi tashi, ta yi ta neman sauran biyun a waya har suka dawo cikin garin. Da ta tafi, da shi ke nan, babu wanda zai waiwayi Rumasa'u sai Sagiru ya dawo da magariba.

Da suka taru, Luziya ta ce ƙila barci ne ya kwashe ta, mai tsohon ciki ce, a bar ta ta huta. Sarul ta ce su yi shiru. Ta kasa kunne, ta ji ƙarar inji tana fitowa daga wajen Rumasa'u, kusa ƙwarai, ba daga nesa ba kamar yadda aka saba ji. Ta tuna ciwon kan, ta tuna yadda harshen Rumasa'u ya yi nauyi a darasi. A ƙasarsu ta sanyi ana kwana da murhun gawayi a ɗaki, kuma haka kawunta ya kwanta lafiya lau bai tashi ba. Ta ce, "Wannan ba barci ba ne, hayaƙi ne. A kashe injin, a buɗe ko'ina, a fitar da ita iska, a kai ta asibiti. Yanzu, ba anjima ba." Da ba ta gane ba, da sun tsaya suna jiran mai barci ta farka.

To, wa zai buɗe ƙofar? Suna can uwa duniya, lambar Rumasa'u kaɗai gare su, wayar kuwa tana ta ƙara ba a ɗauka. Luziya ce ta ruga da mutum-mutuminta cikin layin da Rumasa'u ta gina, tana bin bango tana duba alluna. Ta tarar da na mai gyaran babur da lambarsa raɗau, ta wuce shi. Don ta taɓa tambayar ma'anar rubutun ƙofar nan, aka ce mata namiji baƙo ba ya faɗa wa gidan matar aure, iyakarsa ya yi sallama, in ba a amsa ba ya juya. Mace take nema. Can ta ga "Hajiya Tabawa, ana sai da ƙanƙara da zoɓo". Ta kira. Hajiya ta ga baƙuwar lamba, ta ji baƙuwar murya, ta ce 'yan damfara ne, ta katse. Luziya ta sake kira, wannan karon ta tuna tarbiyyar ƙawarta, ta fara da gaisuwa: "Ina wuni, Mama. Rumasa'u. Inji. Hayaƙi. Buɗe ƙofa, maza!" Hajiya ta ce innalillahi, ta fita cikin ruwa ko mayafi babu, ta banka ƙofar gidan su Rumasa'u, ta kashe injin, ta jawo yarinyar tsakar gida tana kururuwa har maƙwabta suka taru.

Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da uwa da abin da ke cikinta an rasa. Allah ya yi da sauran kwana. Ba a daɗe ba Rumasa'u ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace.

Sagiru, wanda tun ranar ko ƙarar janareta ya ji sai ya sunkuyar da kai, ya ce mata, "Sunan yanka na mahaifiyata ne, wannan an gama. Amma kin san ba mai kiran sa a gidan nan. Sunan da za a riƙa kiran ta da shi, ke za ki zaɓa cikin ƙawayen nan naki. Ni ba ni da bakin magana."

Hajiya Tabawa an kai mata turmin atamfa, ta ce ita a cire ta a lissafi, aike kawai ta amsa. Rumasa'u ta shiga garin nasu da jaririya a cinya, ta gaya wa ƙawayen. Ratna ta ce ita tsayawa kawai ta yi. Sarul ta ce ita magana kawai ta yi. Luziya ta ce ita waya kawai ta buga. Rumasa'u ta fashe da kuka, don tana son su duka har cikin ranta, kuma ta san duk wadda ta cire a cikinsu, da babu ita kanta, babu 'yar. Ga suna gobe, har an ɗaure rago, yarinya kuma ɗaya ce.

To, ga ku ga ta. Wadda ta lura ba a yi mata sallama ba, ko wadda ta gane abin da ke kashe ta, ko wadda ta san ƙofar da za a buga? In ku ne Rumasa'u, da sunan wa za ku kira 'yar nan?