Barcin Kwamfutar Kefas

Akwai wani mutum, manomi, yana da ƙane guda mai suna Kefas. Gida ɗaya suka gada, wan yana sashen gabas, ƙanen yana yamma, a tsakaninsu kuma akwai tsohuwar tsamiya wadda mahaifinsu ya shuka. Kefas shi ne shugaban mawaƙan coci. Ya sayi kwamfuta yana ɗaukar muryarsa a ciki, ya rarraba wa mawaƙa domin kowa ya koyi nasa a gida. To, kwamfuta tana son wuta, wutar garin kuwa baƙuwa ce mai kunya, takan leƙo ta koma. Sai Kefas ya ɗora farantan sola a kan rufinsa. Tsamiya ta tare musu rana. Wata ranar kasuwa, wansa ba ya gida, ya sa mata gatari.

Mutumin ya dawo, ya dubi kututture, ya dubi ƙanensa, ya shige ɗaki. Bai yi zagi ba, bai kai ƙara ba. Magana ce kawai ta ƙare. 'Ya'yansa suka gane ba tare da an faɗa musu ba, suka daina ƙetare tsakar gida, na Kefas ma haka. Da fasto ya tuntuɓe shi kafin ibadar Jibin Ubangiji a coci, sai ya ce, "Ai na yafe tuntuni." Har da murmushi ya faɗa.

Shekaru suka wuce a haka. Sai Kefas ya kwanta ciwo, kafin a ankara ya rasu. Bisa al'adar gidan, aka kulle ɗakinsa yadda ya bar shi, ba mai taɓa ko allura sai dangi sun taru, aka damƙa mabuɗin a hannun babban wa. Mutumin ya karɓa ya sa a aljihu, ya ci gaba da amsa gaisuwar ta'aziyya kamar yadda ya kamata.

Bayan masu makoki sun watse, wata rana da tsakar rana, rana tana bisa ka, kaji sun laɓe a inuwar rumbu, mutumin yana gyaran ƙotar fartanya, sai ya ji waƙa. Daga ɗakin da ke kulle take fitowa. Murya ɗaya, a hankali, ta rera baiti guda, ta tsaya, ta yi ɗan tari, ta sake ɗauka. Waƙa dai kowa yana iya yi. Tarin ne ya sa fartanya ta faɗi daga hannunsa, gama tun suna yara a kan tabarma ɗaya ya san shi.

Kashegari aka sake, rana ta uku ma haka, kullum da rana tsaka. Maƙwabta suka kawo bayani iri-iri, kowanne ya fi na baya tabbaci. 'Yan zumuntar mata ta coci suka zo suka yi waƙa a ƙofar ɗakin da ƙarfin da ba wanda zai iya jin wani abu daban, suka tafi da shaidar cewa an yi nasara. Washegari Kefas ya yi tarinsa.

Sai Liyatu, matar marigayin, ta ƙetare tsakar gidan nan da ta daɗe ba ta taka ba, ta durƙusa.

"Baba Babba, na ɗaure kayana. Yara ba sa cin abinci. In ba a buɗe ɗakin nan ba, gidan ubana za mu koma."

Mutumin ya san in suka fita ba za su dawo ba, jinin mahaifinsa kuma ya rabu biyu ke nan. Ya ce a kira Malama Damaris, wata 'yar cocinsu mai aiki da kwamfuta a ofis. Ba don ya yarda da maganar fatalwa ba, in ji shi. Da ta iso, ya sa mabuɗi ya buɗe kwaɗo.

Ɗakin yana nan da ƙanshin man shafawar Kefas. Rigarsa tana rataye a ƙusa, kafaɗunta a cike kamar da mutum a ciki. Kwamfutar tana kan tebur a buɗe, fuskarta baƙa ƙirin. A gefenta wata 'yar fitila tana haske tana dusashewa, tana haske tana dusashewa, kamar ƙirjin mai barci.

Can sai injin niƙan da ke bayan gidansu ya tashi. Ƙasa ta ɗauki rawa, cokali ya fara kaɗawa a cikin kofin da marigayin ya bari. Fuskar kwamfutar ta waye. Kefas ya soma waƙa.

Liyatu ta toshe baki. Malama Damaris ta ɗaga wani ɗan abu mai kama da ƙwai daga kan tebur.

"Baba, ga mai laifin. Linzaminta ne, da shi ake sarrafa ta. Ba a kashe take ba, barci take yi, kuma an saita ta in linzami ya motsa ta farka. Injin nan yana girgiza tebur, ita kuma sai ta ci gaba daga inda aka bar ta. Sola tana ciyar da ita, me zai hana ta?"

"To kashe ta," in ji mutumin.

"In na kashe ta da ƙarfi, waƙar ta tafi, don bai adana ta ba. Hanya biyu ce. Ko a zauna a saurare ta har ƙarshe, a adana, a rufe abin da ke buɗe ɗaya bayan ɗaya, sannan a kashe ta yadda ya dace. Ko kuwa in hana linzamin tashe ta, ta ci gaba da barcinta."

Liyatu ta ce, "Baba Babba, bari in kira yara, naka da nawa. Mu zauna mu ji shi tare. Muryarsa ta ƙarshe ce."

Mutumin ya dubi rigar da ke ƙusa. Muryar tana nan tana hawa, ta kusa inda takan tsaya.

"Wanne ya fi sauri?"

"Na biyun, Baba. Amma fa komai yana nan a buɗe a cikinta."

"Yi shi. Ina da aiki a gona."

Ta yi. Ɗakin ya yi tsit, aka mayar da kwaɗo. Liyatu ta yi godiya, ta zauna har aka gama girbi, sannan ta kwashe 'ya'yanta. Ba fatalwa ce ta kore ta ba. A bakin mota, yaran gida ɗaya suka tsaya suna kallon juna kamar baƙi.

Tun daga lokacin ba wanda ya ƙara jin komai daga ɗakin. Sai dai duk sa'ad da injin niƙa ya tashi, mutumin yakan tsaya da loma a hannu, ya karkata kai. Matarsa takan ce, "Maigida, me ka ji?" Yakan ce, "Ba komai." In ta juya baya, sai ya je ya leƙa ta tsagar taga. Fitilar tana nan tana numfashi.

Ma'anar wannan misali ita ce: kwamfutar nan zuciyar mutum ce, abin da aka bari a buɗe a cikinta kuwa fushi ne wanda aka yi wa shiru ba a yafe ba. Mu masu zuwa coci mun gwanance a wannan. Ba ma zagi, mun san ba kyau. Mukan duhunta fuska kawai, mu ce ya wuce, alhali muna ciyar da abin kowace rana. Injin niƙa shi ne kowane ƙaramin abu da yake girgiza mu, suna da aka ambata, ko wani da ya shigo ya zauna a bencin gabanmu. Abin da ya mutu ba ya jin girgiza. In naka yana farkawa, barci yake yi.

Gafara ta gaskiya hanya ta fari ce, ita ce kuma mai cin lokaci. Sai ka zauna ka saurari abin har ƙarshensa, ka kira laifin da sunansa, ka riƙe abin kirkin da ke tsakaninku, ka miƙa sauran ga Ubangiji, wanda bai yi mana gafarar baki kawai ba. Shi ya sa aka umarce mu mu shirya da ɗan'uwa kafin mu kawo baikonmu ga Allah.

Yaran da kuke zaune nan coci, ku ma manya da kuke baya kuna yi kamar rakiya kuka zo: kowa ya san sunan da ya faɗo masa a rai yanzu. Mai sunan yana da rai, ƙafarka kuma lafiyarta ƙalau. Shinkafar Lahadi ba za ta lalace ba don ka biya ta gidansa tukuna.