Turbon Lemet da Farar Barewa

A ƙauyenmu da ke arewa da garin Kiruna, can ƙasar sanyi da ƙanƙara, babu wanda ya kai Lemet iya inji, kuma babu wanda ya kai shi gajen haƙuri. Mutum ne da yake sauke gahawa kafin ta tafasa. Garejinsa yana kallon tagata, na san shi tun yana rarrafe, shi ya sa abin da ya same shi yake ci mini rai har yau.

Wata shekara ya ƙudura sai ya sa wa babur ɗinsa na kan ƙanƙara turbo, wannan katantanwar ƙarfen da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta riƙa ɗura wa inji iska. Ya ciro ta daga wata matacciyar mota, ya yanka bututu, ya yi walda, ya ja mata hanyar baƙin mai. Duk tsawon hunturu yana kanta. Haɗawa ba ta ba shi wuya ba, saiti ne aiki. Idan iska ta ƙaru dole fetur ya ƙaru daidai da ita. In ya yi kaɗan, fistan ya narke. In ya yi yawa, inji ya riƙa tari. Lemet yana jin tsoron fistan, sai ya buɗe wa fetur hanya sosai, ya ce zai riƙa ragewa a gwaji.

Ya gwada a kan tafkin da ya daskare, amma shimfiɗaɗɗen wuri ba ya nuna gaskiyar inji. Hawa yake bukata mai tsayi da dusar ƙanƙara mai zurfi. Ga shi watan Afrilu ya shigo, dusar kwari ta fara narkewa. Dutse ɗaya ne ya rage da dusa mai kyau, kuma a gindinsa garken kawunsa Heika yake kwance, matan barewar ƙanƙara da muke kiwo, dukansu da tsohon ciki.

A cikinsu akwai wata fara da Heika ya nuna wa Ristin, 'yar Lemet ɗaya tilo, ya ce ɗan da za ta haifa nata ne. A kunnensa za a fara yanka shaidarta, domin a wurinmu kowane mai barewa yana da yankan kunnensa. Yarinyar ta daɗe tana koyon yankan a kan ɓawon itace.

Heika ya shigo garejin wata safiya, ya zauna yana yankar busasshen nama yana jefawa a gahawa.

"Kai Lemet, wannan abin naka kukan me yake yi? Jiya sai da karena ya shige ƙarƙashin gado."

"Kawu, kukan ƙarfi ne. In na gama, inda kake zagayawa rabin yini, ni miƙewa zan yi."

"To madalla. Amma kada ka kai shi dutse sai sun haihu."

"Haba Kawu, kai ba kullum da babur kake zuwa musu ba?"

"Nawa sun san muryarsa. Naka ni ma ban san ta ba."

"In na jira su haihu ai dusar ta tafi, sai baɗi ke nan."

"Baɗi ba ta gudu, ɗan nan. Sun sha wuyar hunturu, ƙarfin da ya rage musu na haihuwa ne."

Lemet ya ce ya ji. Ya ji ɗin kuwa, amma da kunne kawai.

Kwana kaɗan bayan haka gari ya waye tas, sanyi ya ƙame dusa. Ya ce a ransa zai bi ta bayan dutsen, hawa ɗaya, ya sauko kafin kowa ya sani. Shi da bakinsa ya ba ni labarin. Ya ce bai taɓa jin daɗin inji kamar ranar ba, babur ya riƙa cin tudu kamar ba tudu ba. Da ya kai ƙololuwa ya saki totur. Fetur ɗin da ya yi yawa ya taru a salansa mai zafi, ya fashe da ƙara irin ta bindiga, turbo kuma ya saki wani dogon fito.

Bai san garken ya hauro kiwo cikin kwanakin ba. Suna nan ƙasa da shi kaɗan. Suka zabura gaba ɗaya, suka gangara da gudu, ɓawon ƙanƙara yana fashewa yana yanka musu ƙafafu. Ya kashe inji, ya tsaya yana kallo, babu abin da zai iya yi.

Sai da mazan ƙauye suka yi kwanaki kafin su tattaro su. Da yawa sun yi ɓari, farar tana ciki. Heika bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya zo ƙofar garejin ya ce, "Ni na tsufa, asara ba baƙuwata ba ce. Amma kai za ka gaya wa 'yarka." Lemet ya kasa.

Da bazara aka tara garke a shinge don yankan kunne. Kowane ɗa yana bin uwarsa, ta haka ake gane mai shi. Ristin ta shiga da 'yar wuƙarta a ƙugu, tana ta dube-dube har ta hango farar tana zagayawa ita kaɗai. Ta bi ta da ido zagaye bayan zagaye, sannan ta juyo.

"Baba, ina ɗan?"

Ina tsaye kusa da su. Lemet ya durƙusa a gabanta, ya gaya mata komai, bai ɓoye ba. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance wuƙar ta miƙa masa, ta ce, "Riƙe mini sai baɗi." A ranar ya cire turbon, yana nan rataye a bangon gareji.

Darasin a bayyane yake. Iya aiki ba ya amfanar mutum idan bai iya jira ba, kuma abin da gaggawa ta ɓata sau da yawa ba na mai gaggawar ba ne, na wanda ya fi ƙauna ne. Lemet ya ƙi jiran baɗi don inji, sai ga 'yarsa tana jiran baɗi saboda shi. Idan wanda ya san wuri ya ce ka dakata, ka dakata, domin mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.