Allon Kabarin Dada Hamsatu

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Gwallaga, ba zan kama sunansa ba saboda yana da 'ya'ya. Maƙerin zubi ne. Yakan sayi gwangwanaye da fasassun tukwane da tarkacen inji a hannun 'yan jari-bola, ya narka alminiyam ɗin, ya zuba tukwane da ludaya da tandar masa. Sana'a ce ta halal mai albarka, abin da aka zubar a bola ya dawo yana ciyar da gidaje.

Da mahaifiyarsa Dada Hamsatu ta kwanta ciwon ajali, abu ɗaya ta roƙe shi. Ta ce, "Kada ka bari kabarina ya ɓace. Ka riƙa zuwa kana mini addu'a." Ya ce ya ɗauki alkawari. Bayan ta rasu, da hannunsa ya zuba mata allon alminiyam mai kauri wanda ba ya tsatsa, da sunanta a jiki, ya kafa a kabarin. Da farko duk Juma'a yana can. Sai ya koma wata-wata. Da kasuwa ta buɗe masa, ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Ana nan sai wasu suka fara kawo masa kaya a buhu, suna sayarwa da arha. Ya buɗe, ya ga allunan kaburbura ne aka tumɓuko daga maƙabarta. Me ya kamata ya yi? Kun sani, shi ma ya sani. Amma ƙarfen mai kyau ne, ba datti. Sai ya ƙirƙiro wa kansa wata dabara: ya ce a riƙa kifa allunan a kan sikeli, kuma a kife yake jefa su a wuta, don kada ya ga sunan kowa. Ku ji wauta, wai mala'iku ma ba za su gani ba ke nan?

Maƙwabcinsa Modibbo ya ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah. Mutane na kuka sun rasa kaburburan iyayensu."

Ya ce, "Ni ƙarfe nake saye. Ka taɓa ganina a maƙabarta?"

Wannan kam gaskiya ya faɗa, an daɗe ba a gan shi a can ba.

Shekara biyu yana wannan aiki. Wata rana da hantsi ya jefa wani allo a tukunyar narki, ya tura shi da ƙarfe, sai allon ya juyo. Ya ga zubin hannunsa, ya ga sunan Hamsatu yana lanƙwashewa. Hankalinsa ya gushe. Bai nemi awartaki ba, hannun dama ya kai cikin narkakken ƙarfe. Allon bai fito ba, hannun kuma bai sake moruwa ba.

Da aka sallamo shi daga asibiti, maƙabarta ya nufa. Damina ta wuce sau biyu tun da aka fara tumɓuke allunan, kaburbura sun lafa, ciyawa ta rufe su, layi-layi babu allo ko ɗaya. Ya roƙi tsohon da ke gadin wurin ya nuna masa na uwarsa. Tsohon ya ce, "Ɗana, ta yaya zan sani? Da kana zuwa, da ƙafarka ta kai ka ko babu allo."

Labari ya bazu. Masu masa a Ƙofar Wambai suka dawo masa da tandarsu. Wa zai ci abincin da aka dafa a kan sunayen matattu? Matarsa ma da kanta ta fitar da tukwanen gidan waje. Maƙera ta mutu. Yanzu duk Juma'a za ku same shi yana bin kaburbura ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana cewa, "Dada, ke ce a nan?" Waɗanda ya ɓatar wa da nasu suna wucewa ta gefensa, ba mai ce masa sannu.

Ya 'yan uwa, ba saɓanin malamai a kan rubutu a kabari na zo warwarewa ba. Magana biyu ce. Mai sayen kayan sata ɓarawo ne, ko yana zaune a inuwa, don shi ke aiken masu tumɓukowa. Alkawarin iyaye kuma ba ya mutuwa don sun mutu. Kai da ke saurare, me kake kifewa a kan sikelinka don kada ka gani? Ka juyo shi yau ka duba, tun kafin a juyo maka shi.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya tsarkake abin da muke ci, ya kiyaye mu da ranar da za mu nemi wanda za mu roƙa gafara mu rasa inda yake. Amin.