Faifan da Aka Ɓoye a Ƙarƙashin Kwano

Akwai wani mutum a wani gari, manomi ne, ran Lahadi kuma shi ke kaɗa ogan a majami'a. Mahaifinsa ya bar masa wani tsohon faifan garmaho. A cikinsa akwai kiɗan da wani bawan Allah a ƙasar Turai ya tsara tun zamanin kakannin kakanni. Kiɗa ne mai muryoyi da yawa: wannan ta fara, waccan ta biyo ta, wata ta shigo daga ƙasa, suna bin juna ba sa karo, har su haɗu a ƙarshe.

Mutumin nan ya saurari faifan tun yana saurayi, har ya haddace shi. Yakan kaɗa shi a hankali, da nauyi, daidai yadda yake a faifan. In aka tashi sujada mutane sukan tsaya su gaishe shi, su ce babu mai hannu irin nasa. Shi kuwa yana jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya sani.

Yana da ƙanwa wadda ta tafi birni koyon kiɗa. Ita ma da sautin faifan nan ta girma. Sai ta tara abokan karatunta, suka ɗauki kiɗan nan da sarewa da goge da ƙwarya. Ba su canja karinsa ba, amma sun ƙara masa sauri, suka naɗe shi. Kafin a ce me, ya bazu daga waya zuwa waya har ya iso garinsu. Ana jin sa a shagon tela, ana jin sa wurin injin niƙa. Masu tsayawa su yabi mutumin bayan sujada suka koma tambayarsa yaushe ƙanwarsa za ta zo gida. Wata tsohuwa ma ta ce masa ta daɗe tana jin kiɗan nan daga hannunsa, amma sai yanzu ta gane ashe kiɗan murna ne.

Maganar nan ta soke shi. Ya shiga gaya wa kowa cewa yarinyar ta lalatar da abu mai tsarki, ta mai da shi kiɗan biki. In ya ji an kunna, sai ya bar wurin. Matarsa ta roƙe shi ya zauna ya saurara har ƙarshe kafin ya yanke hukunci, ya ƙi. Gaskiyar ita ce ɗan abin da ya ji ya ishe shi sanin cewa kiɗan ya yi kyau, abin da ke cin ransa ke nan.

Ana nan, sai saƙo ya zo cewa ƙanwar tana tafe, tana kuma so ta ji faifan mahaifinsu. Mutumin ya ce a ransa, faifan nan fuska biyu gare shi, ta ɗauke fuska ɗaya ta yi suna da ita, yanzu ɗaya fuskar ta zo ɗauka. Ya naɗe faifan a tsumma, ya hau, ya cusa shi can ƙarƙashin kwanon rufin ɗakinsa. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne.

Da ta iso ta gaishe shi, ta tambayi faifan. Ya ce ya ɓata, ya nema bai gani ba. Ranta ya sosu, amma ba ta zarge shi ba. Ta kwana biyu tana taya matarsa dubawa a akwatuna, shi kuwa yana kallonsu. Daga baya ta zauna kusa da shi ta ce, “Yaya, ni ba ɗauka na zo yi ba. So nake mu zauna mu ji shi tare kamar yadda muke yi da Baba. Sa'an nan ka kaɗa ɗaya fuskar a ogan, mu bi ka da sarewa, a naɗe. Na gwada da wasu a birni, babu wanda ya san shi kamarka.”

Kunya ta rufe shi. Ya tashi, ya hau ya ciro faifan. Da ya kwance tsumman, sai ya tarar zafin kwano ya lanƙwasa shi kamar busasshen ganye. Ya ɗora a garmaho, allura ta yi ta tsalle, ba abin da ya fito sai kuka marar daɗi.

Ƙanwar ta karɓi faifan, ta riƙe shi a cinyarta, hawaye na zuba. Ta ce, “Da ka ce kada in taɓa, Yaya, da ban taɓa ba.”

Daga baya sun shirya, ya kaɗa, ta busa, aka naɗe. Amma faifan bai ƙara yin kiɗa ba, 'ya'yansu kuwa ba su taɓa jin abin da kakansu ya ƙaunata ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: kiɗan nan baiwa ce ta Allah, ba mutumin ne ya tsara shi ba, ba kuma ƙanwarsa ba. Dukansu karɓa suka yi. Mutumin yana tsammani tsarkin kiɗa yake karewa, alhali kuwa gaisuwar da ake yi masa a ƙofar majami'a yake karewa. Haka kishi yake, yakan sa rigar himma ya shigo, ya ce don aikin Ubangiji yake faɗa. Abin da yake cewa yana tsarewa kuwa, shi yake fara hallakarwa.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai wanda ya daɗe yana jagorar waƙa, ko koyarwa, ko dafa abincin taro, yanzu ga wani ya taso yana yi ta wata hanya, jama'a suna murna. Ba kowane sabon abu ne mai kyau ba, gaskiya ne. Amma kafin ka ce ya ɓata, zauna ka ji shi har ƙarshe, ka kuma tambayi zuciyarka a gaban Allah: don ya yi muni nake fushi, ko don ya yi kyau? In akwai abin da ka ɓoye wa ɗan'uwanka, ka je ka ciro shi yau, tun yana da amfani.